Hanyar 'yan ƙafa da masu keke a bakin kogin Kaduna: wane suna, wace alama?

Mai Zane U/Rimi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo ta nan. Asabar ɗin da ta wuce bayan asuba na fita tattaki, maimakon in tsaya Murtala Square inda kowa ke zagaye sai na gangara wurin shaƙatawa na Gamji na bi gefen kogi in ga iya inda ƙafa za ta kai ni. Wallahi garin nan yana da kyau ta bakin ruwa, ga iska, ga masu lambu suna ban ruwa, ga masunta a kwalekwale, amma sau uku ina rasa hanya, sai ka zo inda ta rabu biyu babu abin da zai nuna maka wannan titi za ta fitar da kai, waccan cikin gonar mutane za ta kai ka. Wani mai alayyahu ne ya nuna mini mafita.

Ni sana'ata zane, alluna da tambari nake yi. Shi ne na zauna ina tunani, a ce yau an gyara hanyar 'yan ƙafa da masu keke tun daga Gamji, ta bi Kabala, ta wuce wajen Stadium ta haye zuwa Station da Barnawa, sannan wani reshe ya shiga gari ta Murtala Square da Lugard Hall har Arewa House da gidan tarihi na Ali Akilu, wane suna za a ba ta kuma da me baƙo zai gane yana kanta? Abin da na fara zanawa: hoton kada tunda daga nan sunan garin ya fito, kalar kore, allunan ƙarfe da Turanci da Hausa, da irin lambar nan da ake haskawa da waya ta buɗe taswira. Don Allah a duba a gyara mini, ba na jin haushin gyara.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanina sannu da ƙoƙari, amma hoton kada a bakin ruwa? Ni dai in na fito da yara na ga allo da hoton kada kusa da kogi, juyawa zan yi, abin da zai zo mini kawai gargaɗi ake yi cewa akwai kada a wurin.

Malama T/Wada:
Ta riga ni faɗa. Ƙari a kai ma, in ka rubuta HANYAR KADA da manyan baƙaƙe, ai rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu da sauri zai iya ɗauka kada ɗin hani ne, wato kada a bi. A riga ko hula tambarin kada ya yi, amma ba a kan allon da ke cewa bi nan ba.

Mai Zane U/Rimi:
Kai, wannan ko kusa bai zo mini ba. Na gode Yaya, na gode Malama. Kada ya fita daga allo.

Mai Walda Panteka:
Oga mai zane ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana tunda shi nake ci shi nake sha. Allon ƙarfe a wurin da ba mutane da daddare sadaka ka yi wa 'yan jari bola, murfin kwalbati ma da yake da nauyi ɗauke shi ake yi balle falle ɗaya na ƙarfe a kan bututu. Na taɓa yi wa wata makaranta alluna huɗu, wata bai zagayo ba saura ɗaya. Shawarata a zuba ginshiƙin siminti, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, a binne gindinsa sosai, rubutun kuma a huda shi cikin simintin tun yana ɗanye sannan a bi ramin da fenti. Ko fentin ya koɗe rubutun yana nan, yaro ma zai iya sabunta shi da buroshi. Kuma kar a yi fuskar sumul ƙwarai in ba haka ba sati ɗaya fastocin 'yan siyasa da na masu maganin basir sun rufe shi, a yi mata ƙurji-ƙurji yadda gam ba zai kama ba.

Ɗan Kawo:
Ni fa ku yi haƙuri. Mutane na fama da abin da za su sa a baki ku kuna maganar fenti da tattakin motsa jiki, wannan ai harkar 'yan GRA ce masu rage tumbi.

Baba Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Ɗana na Kawo, zo in ba ka labari. Lokacin da muke aiki a Kakuri, in aka tashi daga aiki titi baƙi yake yi da kekuna, Raleigh ne da Phoenix, ƙararrawa ta ko'ina. Tun 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, wasu suka biyo baya, kuma mafi yawan waɗanda suka riƙe masaƙun nan a kan keke suke zuwa, daga Tudun Wada, daga Nasarawa, daga Unguwar Mu'azu. Keke a garin nan na talaka ne tun asali. Yanzu ma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka duba da safe ka ga yawan masu takawa a ƙasa saboda kuɗin mota, 'yan makaranta, leburori, masu kai kayan lambu kasuwa. Su ne mota ke bugewa a gefen titi. Hanyar nan in an yi ta tasu ce kafin ta zama ta mai rage tumbi.

Kai kuma mai zane ga tawa gudummawar. Ka rubuta sunan da mutane ke faɗa da bakinsu. NEPA ta daina amsa wannan suna tun 2005 amma har gobe kwandasta NEPA randabawul yake kira. Waff Road an sauya mata suna zuwa Muhammadu Buhari Way, mu dai tsofaffi Waff ɗin bakinmu ya saba. Shi kansa wurin da ka fara tafiyar a takarda sunan Janar Hassan Usman Katsina yake ɗauke da shi, to tsaya ka tambayi mai napep ka ji in ba Gamji zai gane ba. Ban ce a yar da sunan hukuma ba, mutanen da aka karrama sun cancanta, a sa shi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, amma babban rubutu ya zama wanda in baƙo ya karanta ya tambayi mai shayi za su fahimci juna.

Ɗan Kawo:
Allah ya ƙara girma Baba, na karɓi wannan. Amma in za a yi to ta iso Kawo da Hayin Banki, kar a tsaya a unguwannin manya.

Injiniya Malali:
Baba ya gama magana a kan suna. Bari in ɗan ƙara da abin da wasu garuruwa suka yi, ba don mu kwafa ido rufe ba.

A Landan tun 2007 suka fara kafa wasu dogayen alluna na 'yan ƙafa masu ruwan ɗorawa a sama. Abu biyu ya burge ni a ciki. Na farko taswirar ba arewa take kallo ba kamar ta littafin makaranta, inda fuskarka take kallo shi ne sama, abin da ke damanka a zahiri shi ne a dama a jikin allon, ba sai ka karkata kai kana juya gari a ƙwaƙwalwa ba. Na biyu sun zana da'ira, abin da ke cikin wannan tafiyar minti 5 ne, na cikin waccan minti 15. Mutum mai lafiya yana cin kusan kilomita 5 a awa, wato wajen mita 400 a minti 5, mai keke a hankali ya ninka haka sau uku. Mu nan wa ke lissafi da kilomita? Ka tambayi mutum nisa ya ce maka nan da can ne, ka yi ta tafiya har la'asar. In allo ya ce Stadium minti kaza a ƙafa, minti kaza a keke, mutum zai yanke shawara nan take ko ya taka ko ya nemi abin hawa.

Sai kuma na Beljiyam, a yankin Limburg, wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Hugo Bollen ya kawo dabarar ba kowace mahaɗa lamba, aka fara a 1995, Holan ma suka ɗauka. Ba ruwanka da haddace sunan hanya, ka rubuta a tafin hannu 4, 7, 12, ka bi kibiya daga lamba zuwa lamba. Wannan zai zauna daram a kan ginshiƙin da mai walda ya kawo.

Hajiya U/Sarki:
Injiniya wannan lambar ai mun ga amfaninta a Makka. Ni ban iya karanta Larabcin allo da sauri ba, Turanci kuma sai a hankali, amma na riƙe cewa ƙofar Sarki Fahad ita ce 79, ta Sarki Abdul'aziz ita ce 1. Duk inda cunkoso ya kai ni lamba nake nema. Tsofaffin da muka tafi da su daga ƙauye ma da lamba suke komawa masauki. Kuma ko ba komai in wani abu ya samu mutum a hanyar, Allah ya kiyaye, zai kira gida ya ce ina ginshiƙi na 9, ba ya tsaya yana cewa wajen wata bishiyar mangwaro ba.

Malama T/Wada:
Hajiya kin kawo hujja mai ƙarfi. Ni kuma ina so a haɗa lambar da hoto saboda yara da waɗanda ba su yi boko ba. Birnin Meziko da suka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1969 kowace tasha sun ba ta hotonta, wanda bai iya karatu ba ya san a hoton kaza zai sauka, har yau suna amfani da shi. Mu ai Allah ya hutar da mu, sunayen unguwanninmu da kansu hotuna ne. Gamji ganyen gamji, Unguwar Rimi bishiyar rimi, Kabala Doki kan doki, Station kan jirgi, Stadium ƙwallo, Lugard Hall ƙubbar nan tata da kowa ya sani.

Sai roƙona na malamar Hausa, don girman Allah mai zane ka nemi irin rubutun kwamfuta da ke da ƙ da ɗ da ɓ. Raina yana ɓaci in na ga allo an kashe masa kuɗi an rubuta kofa a maimakon ƙofa, ko a sa ƙugiyar da hannu daga baya ta fito a karkace. Yara suna koyon rubutu daga allunan titi fiye da yadda muke zato. Ajami ma a ba shi layi ɗaya, ai yana jikin naira 500 da 1000 kuma mutane da yawa da shi suke karatu.

Injiniya Malali:
Malama a nan zan ɗan ja da ke. Hausa, Turanci, ajami, hoto, lamba, kibiya, minti, duk a kan ginshiƙi ɗaya? Mai keke yana wucewa daƙiƙa biyu ko uku yake da su ya kalla. In aka cika rubutu ba wanda zai karanta ko ɗaya.

Malama T/Wada:
To a raba mana. Ƙananan ginshiƙai na kan hanya lamba da kibiya da hoto kawai. Manyan na mashiga inda mutum zai tsaya ya huta, su a sa komai har da ajamin. Amma ban yarda a cire shi gaba ɗaya ba.

Injiniya Malali:
Wannan ya yi, na sauko. Kuma a kula da inda ake dasa su, ɗaya kafin a iso mararraba, ɗaya a kanta, sannan ɗan ƙarami bayan an wuce da 'yan taku wanda aikinsa kawai ya ce maka e, kana kan hanya. Wannan na ukun shi ake yawan mantawa, alhali shi ke kwantar da hankalin baƙo.

Ɗan Barnawa:
Ina ta karatu tun ɗazu, bari mu na ƙetaren gada mu sa baki. Na ga a wani wuri mai zane ya ce in kada bai yi ba zai koma dagin Arewa. Dagi yana da kyau kuma ba wanda zai raba Kaduna da shi, amma na Arewa ne gaba ɗaya, Kano na sa shi, Sakkwato na sa shi, ba zai ce maka wannan hanya ce ta musamman ba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, tun rikicin 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka, akwai yaran da aka haifa a Sabon Tasha ba su taɓa shiga Arewa House ba, akwai na Rigasa da ba su san Narayi ba sai a baki. Ni mahaifina a Tudun Wada ya girma, ni kuma sai da na shiga Poly na fara yawo a can. In za a yi hanyar da za ta bi ruwan nan gefe da gefe, to sunanta da alamarta su zama abin da na kudu da na arewa duk za su ce namu ne. Ni gada nake gani. A taswira kuma a nuna masallaci a nuna coci, a nuna asibiti mafi kusa. Sannan a tuna Gbagyi, su aka tarar a wurin nan kafin Turawa su dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917, ko gaisuwar maraba ce a rubuta da harshensu a mashiga, amma a je a tambayi dattawansu yadda ake rubutawa, kar a ƙirƙira.

Baba Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Allah ya yi maka albarka ɗana. A masaƙa da Bajju da Atyap da Tibi da Bayarabe muka yi aiki a layi ɗaya, kwano ɗaya muke ci. Gada ta yi. Ga ma ƙaramar gadar Lugga tana nan cikin Gamji, wadda aka ƙera a Zungeru a 1904 daga baya aka ɗauko ta aka kawo nan, siffarta ba ta da wuyar zanawa.

Ɗan Kawo:
Baba a gafarce ni, gadar Bature ɗan mulkin mallaka za mu mayar tambari?

Ɗan Barnawa:
Ba sai tasa ba ɗan'uwa. Layi ɗaya mai lanƙwasa a sama, igiyar ruwa biyu a ƙasa, kowa ya ga gada a kan kogi. Ita ta Lugga a ba ta allon tarihinta a inda take, a faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Mai Zane U/Rimi:
Na zana shi yanzu a bayan takarda kuma wallahi ya fi kadan nawa sauƙi, ko da soso da fenti aka buga a bango zai fito, ko an ƙanƙanta shi kamar kwabo ana gane shi. Suna fa? Ni Hanyar Bakin Kogi ta kwanta mini, ba sunan kowa a ciki, ba a buƙatar fassara mai tsawo.

Hajiya U/Sarki:
Ya yi. Kuma don Allah kar a manna hoton kowane mai mulki a jiki, ko wane ne. Da an sauya gwamnati sai a bar abin ya lalace saboda fuskar wani ce a kai.

Mai Napep Kabala:
Salam, ni direban napep ne kuma ina so in faɗa muku wani abu tsakani da Allah. In kuka rubuta HANYAR KEKE to mu kuka kira, domin a garin nan yanzu in an ce keke mu ake nufi, fasinja keke yake cewa. Go-slow na kamawa a Stadium za ka ga 'yan'uwana sun zubo ciki kuma ba za ka ce sun yi laifi ba tunda allo ya ce keke. Ku zana hoton keken hawa ƙarara mai ƙafa biyu, ku zana napep da mashin ku ja musu jan layi.

Baba Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Da basukur muke cewa, amma yaran yanzu ba lallai su gane ba. Hoton dai shi ne.

Mai Walda Panteka:
Hoto kaɗai ba zai hana ɗan acaɓa ba, sai an dasa turaku a mashiga.

Maman 'Yan Biyu:
Turakun nan a yi hattara da su. Ƙanwata a keken guragu take, akwai wani wurin shaƙatawa da muka je an dasa ƙarafa a ƙofa don hana mashin, sai da maza biyu suka ɗaga ta sama da kekenta aka tsallakar da ita, mutane na kallo, ranar har muka dawo gida ba ta yi magana ba. Duk ratar da za ta hana mashin to ta hana ta ita ma.

Injiniya Malali:
Gaskiya ne Hajiya, kuma wannan matsalar ba ta da magani mai sauƙi. Ratar da keken guragu zai wuce, mashin ma zai wuce. Turaku napep da mota kawai za su iya tsarewa. Ni a ganina gara a bar ratar ta wadatar, mashin kuma a bar wa masu gadi da mutanen unguwa, da a rufe wa masu lalura hanya.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka. Sai abin da mu mata za mu fara dubawa kafin mu yarda mu bi: ina mafita mafi kusa in na ji ban natsu ba, ina banɗaki, ina ruwa, ina inuwa da benci. Allo ya riƙa faɗin titi na gaba minti kaza. Kuma ita lambar nan ta haskawa da waya da mai zane ya ce, a sa ta amma kar a dogara da ita, ba kowa ke da data ba, ba kuma kowace mace za ta so fito da waya a wurin da ba jama'a ba.

Injiniya Malali:
Saura kala. Kore zai ɓace cikin ciyawa da damina, da hunturu kuma ƙura ta mayar da komai ruwan ƙasa. Ja shi ya fi saurin koɗewa a rana, ga kuma mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore, yawanci maza. Baƙin rubutu a kan ruwan ɗorawa ya fi fitowa daga nesa. Sannan duk wanda ya san Kigo Road ya san abin da kogin nan ke yi a Agusta da Satumba, don haka wuraren da ruwa ke hawa dole a tanadi hanyar damina ta sama, ginshiƙin ya nuna duka biyun, a jikinsa ma a yi zane-zanen awo yadda mutum zai ga inda ruwa ya kai kafin ya jefa ƙafa.

Mai Zane U/Rimi:
Jama'a kun rushe mini zane kun gina wanda ya fi shi, Allah ya bar zumunci. Ga abin da nake so mu yi kafin mu kai wa kowace hukuma takarda. Asabar mai zuwa zan yanko kwalaye goma in rubuta lamba da kibiya da hoto, mu ɗaure su da igiya daga ƙofar Gamji zuwa inda muka iya, sai mu samo mutum uku da ba su san wurin ba mu sake su ba tare da mun ce musu komai ba, mu bi su a baya da littafi. Duk inda mutum ya tsaya yana waige-waige, allonmu ne bai yi ba, a nan za mu gyara. Za mu fara gaida masu lambun mu nemi izininsu tunda ta gefen gonakinsu za a bi, kuma mu kwashe kwalayenmu in mun gama.

Malama T/Wada:
Zan zo da surukata, ajami kawai take karantawa, ita za ta gwada mana layin nan da Injiniya ya so cirewa.

Ɗan Barnawa:
Ni zan taho da abokai biyu daga Narayi da kekunansu, ba su taɓa shiga Gamji ba. Ƙarfe nawa?

Mai Zane U/Rimi:
Bakwai daidai a bakin ƙofa, kafin rana ta yi zafi.

Maman 'Yan Biyu:
Zan tambayi ƙanwata ko za ta zo, in ta yarda sai mun samu mota mai but babba saboda keken.

Mai Napep Kabala:
Hajiya bar maganar mota, ni zan ɗauko ku, keken yana shiga baya in an naɗe shi. Ki turo mini kwatance ta akwatin sirri.

Baba Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Raleigh ɗina yana nan rataye a zaure, tayar baya ce kawai ta mutu. Mai walda, a Panteka wa ke da tub mai lamba 28?